Yadda ake samar da ingantaccen irin wake mai jure cuta, daga fure guda zuwa gonar manomi

Duk wanda ya taɓa noman wake a ƙasar Zazzau ya san yadda gona take komawa idan marka ta zauna a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ka bi hanyar Samaru zuwa Shika, ko ka gangara wajen Bomo, za ka tarar da gonaki biyu maƙwabtan juna, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma waken wannan ganyensa duk ya yi tabo yana zuba, na wancan kuma kore shar yana ta huda. Ka tambayi mai gonar, zai ce maka, "Malam, iri ne." Gaskiya ya faɗa. Abin da nake so in shimfiɗa a nan shi ne yadda ake yin wannan irin tun daga tushe, don ɗalibin aikin gona, da malamin gona, da ƙungiyoyin manoma masu samar da iri. Ko wanda ba zai taɓa haɗa fure da hannunsa ba, idan ya san wahalar da ke bayan tiya ɗaya ta ingantaccen iri zai fi sanin yadda zai riƙe ta.

Mu nan Zariya aikin a ƙofar gidanmu yake. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR, wadda ta faro tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce ke da alhakin inganta wake a Nijeriya. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAMPEA, daga nan ya fito, yawanci da haɗin gwiwar IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa mai hedikwata a Ibadan da reshe a Kano.

Mataki na farko: ka fara daga gona da madafa

Kafin ka taɓa fure, rubuta a takarda irin waken da kake nema, kuma kada ka rubuta shi kana zaune a ofis. Je wurin manoma a Giwa, da Soba, da Hunƙuyi, ka ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Je kasuwa ka ga waken da dillalai ke rububi. Sannan ka zauna da mata masu ƙosai da alale, domin su ne alƙalan ƙarshe. A arewa an fi son fari mai girman ƙwaya mai kaushin ɓawo, saboda da an jiƙa shi an murza ɓawon yake fita, hancin ya tafi, ƙullu ya yi fari ya tashi. Mai sulɓin ɓawo kuwa yakan ba mai surfe wahala. Manomi mai awaki da tumaki kuma ba ƙwaya kaɗai yake kallo ba, yana lissafin harawa da kowa da zai ajiye wa rani. Wannan ne ya sa waken gargajiya Kanannado bai bar gonakinmu ba har yau duk da jinkirinsa.

Ka taƙaita burinka. Misali: fari, babba, mai kaushin ɓawo, ya nuna cikin kwana 75 zuwa 80, ya jure wuta-wuta da cutar tabon ganye. Idan ka jera buƙatu goma lokaci guda, lissafin gado zai kayar da kai, kamar yadda za mu gani.

Mataki na biyu: san cutar da kake yaƙa

Kalmar "cuta" ta yi faɗi. Kowace da nata magani a cikin gado, don haka dole ka rarrabe su da ido. Yankin Zariya yana samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma wannan laimar ce ke rayar da cututtukan fumfuna guda uku da suka fi damun wake a nan. Akwai wadda ke sa kara da kwanso su yi ƙuraje kamar ƙazuwa, kwanson ya lanƙwashe ya ƙi cika. Akwai mai sa kara da sandar fure da kwanso su yi baƙi-baƙin ja har karan ya tsage. Akwai kuma mai jajayen ɗigo a ganye, ɗigon su haɗe, ganyen ya yi rawaya ya zube tun daga ƙasa. Bayan su sai cutar bakteriya mai ƙona ganye, wadda takan fara da ɗan tabo kamar an ɗiga ruwa, ya faɗaɗa ya bushe, rawaya ta kewaye shi. Sai cutar bairos, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya takure, wadda darɓa ke ɗauka daga wannan tsiro zuwa wancan. Yawancin waɗannan suna iya ɓuya cikin ƙwayar iri su bi ta zuwa gonar baɗi.

Sannan ga wuta-wuta, da wasu ke kira ƙuduji. Ta wake daban take da ta dawa da masara. Gajeriya ce, takan fito cunkus a gindin wake da ƙananan furanni masu launin shunayya. Tana da 'yar'uwa mai rawayen fure da masana ke kira Alectra, wadda ta fi yawa a wurare masu laima irin namu, ita kuwa ta farkon ta fi ƙarfi can wajen Kano da Katsina da Jigawa. Dukkansu suna maƙale wa saiwa suna tsotsa tun kafin su fito sarari, kuma irinsu yakan yi shekaru masu yawa a ƙasa yana jira.

Mataki na uku: zaɓen iyaye

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da babu shi a jikin iyaye ba zai fito a jikin 'ya'ya ba. Kana bukatar ɗaya da manoma suka riga suka amince da shi, ɗaya kuma da ke ɗauke da juriyar da kake nema. Na farkon a hannun manoma yake: Kanannado, ko Ɗan'ila, ko wani irin da aka gada a ƙauye. Na biyun sai ka nema a cibiyar bincike. Rumbun iri na IITA yana riƙe da nau'in wake fiye da 15,000 da aka tattaro daga ƙasashe daban-daban.

Labarin juriyar wuta-wuta ya isa misali. An same ta ne a jikin wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana mai lamba B301, ƙanƙanin wake da babu macen da za ta saye shi a kasuwar Sabon Gari. Daga zuriyarsa aka yi ta haɗawa ana tacewa har aka samu IT97K-499-35, wanda aka fitar wa manoma a 2008 da sunan SAMPEA 10, mai jure wuta-wuta da Alectra. SAMPEA 14 da SAMPEA 15 da suka biyo baya a 2011 su ma suna jure wuta-wuta. Shawarata ita ce, in dai akwai ingantaccen irin da ya riga ya ɗauki juriyar, da shi za ka yi aiki, kada ka koma ga asalin mai ƙananan ƙwaya, domin wasu sun riga sun yi maka rabin tafiya.

Akwai tarko a nan. Kanannado da ire-irensa tsawon yini suke bi, ba sa huda sai rana ta gajarta wajen Oktoba, alhali SAMPEA 10 yakan yi fure kwana 40 da 'yan kai bayan shuka. Idan ka shuka su rana ɗaya a Yuli, ɗaya zai gama fure ɗayan bai fara ba. Don haka ka riƙa shuka mai saurin kashi-kashi, duk mako, har furensu ya haɗu. Ko ka yi aikin da rani a fadamar Galma ko a ɗakin raga, lokacin da gajartar yini ke sa masu jinkirin su yi huda da wuri.

Mataki na huɗu: ɗaura auren fure

Furen wake yana ɗauke da namiji da mace a cikinsa, kuma yakan yi wa kansa barbara kafin ma ya buɗe sosai. Shi ya sa wake ke riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Aikinka shi ne ka riga shi.

Kayan aiki kaɗan ne: hantsaki mai tsinin baki, sifirit a ƙaramar kwalba, zare da 'yar takardar alama, fensir, da littafi. Da la'asar sakaliya, ka je gindin da ka zaɓa ya zama uwa, ka nemi hudar da za ta buɗe gobe da safe. Za ka gane ta da girmanta da yadda korenta ya fara kodewa. Idan da wasu hudar a sandar, ka tsinke su, ka bar guda. Riƙe ta a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, ka ɗan tsaga gefenta da hantsaki, ka yaye saman. A ciki za ka ga zaruruwa goma masu ɗan rawayen kai, su ne mazan, da kuma guda ɗaya mai lanƙwasa mai gashi-gashi a baki, ita ce macen. Cire kawunan nan goma duka, kana ƙirgawa. Idan ka ga garin rawaya ya riga ya zubo, ka makara, tsinke ta ka nemi wata. Kada hantsakin ya taɓa bakin macen, kuma ka tsoma shi a sifirit kafin ka koma wani gindin.

Washegari da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba, ka tsinko furen uban da ya buɗe a safiyar, ka zare bakinsa mai ɗauke da garin, ka goga a bakin macen da ka shirya jiya, kamar mai sa kwalli. Ɗaura alama a sandar, ka rubuta sunan uwa, sannan na uba, da kwanan wata. Da fensir za ka rubuta. Na taɓa asarar aikin mako biyu saboda na rubuta alamomi da biro, ruwa ya sauka dare ɗaya ya wanke su, kwanso suka kama amma ban san ɗan wane ne ba, dole na zubar. Har yau ina jin zafin abin.

Bayan kwana uku ka dawo. Idan ka ga ɗan siririn kwanso kore, aure ya kama. Da yawa za su kaɗe, musamman idan ana zafi da bushewar iska, har wani lokaci cikin goma biyu kacal za su tsaya. Saboda haka ka yi 20 ko 30 a kowane haɗi, kuma ka kiyaye tururuwa da ƙwari daga gindin. Cikin mako uku kwanson ya nuna. Ka rore shi shi kaɗai, ka sa a ambulan tare da alamarsa.

Mataki na biyar: zuriya da lissafinta

Ƙwayar da ka samu kamanninta na uwa ne sak, domin ɓawon ƙwaya jikin uwa ne. Kada wannan ya ruɗe ka. Sai ka shuka ta za ka san ko auren gaskiya ne. Idan uwa farin fure gare ta, uba kuma shunayya, tsiron farko, wanda ake rubutawa F1, zai fito da shunayya. Wanda ya fito da fari uwar ce ta yi wa kanta barbara, ka tumɓuke shi. Tsirrai biyar zuwa goma na F1 sun isa, ka kula da su da kyau su ba ka ƙwaya mai yawa.

A zuriya ta biyu, F2, komai yake wargajewa. Za ka ga mai yaɗo da mai tsayuwa, mai sauri da mai jinkiri, duk 'ya'yan aure ɗaya. Juriyar wuta-wuta ta B301 ƙwayar gado ɗaya ce, wato abin da ke ɗauke da hali daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma mai rinjaye ce, saboda haka cikin kowane tsiro huɗu, uku za su jure, ɗaya ya kamu. Amma cikin ukun nan ɗaya ne kawai ya gaji juriyar ta ɓangarori biyu. Sauran biyun suna ɗauke da rauni a ɓoye, zai fito a 'ya'yansu. Ke nan ɗaya cikin 4 ne tsayayye. Idan halaye biyu kake nema, ɗaya cikin 16. Idan uku ne, ɗaya cikin 64. Ga dalilin da ya sa na ce ka taƙaita buri, kuma ga dalilin da ya sa tsiro 30 ba za su ishe ka ba. Ka shuka 200 zuwa 300 a kowane haɗi, ƙwaya ɗaya a rami.

Kaushin ɓawo yana da nasa abin mamaki. Binciken da B. B. Singh da Mohammad Ishiyaku suka yi ya nuna cewa idan aka haɗa farin wake mai kaushi da ja mai kaushi, 'ya'yan farko sukan ba da mai sulɓi, sai a zuriya ta gaba kaushin ya dawo, kusan 7 cikin 16. Wanda bai san haka ba zai zubar da aikinsa yana zaton ya lalace.

Kowace zuriya tana rage gaurayen da rabi: kashi 50 cikin ɗari a F2, 25 a F3, har ya koma kusan 3 a F6, inda layi, wato zuriyar tsiro guda, ya zama ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta isa can ita ce ka ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu daga kowane tsiro ka shuka, haka-haka, ba tare da tsananta zaɓe a kan yawan amfani ba, domin tsiro guda ba ya faɗin gaskiyar amfaninsa. Da noman rani za ka iya yin zuriya biyu ko uku a shekara. Abin da za ka iya zubarwa tun da wuri shi ne wanda ya kamu da cuta ƙarara, da mai ƙwayar da kasuwa ba za ta karɓa ba.

Idan kuwa irin manoman yana da kyau ta kowace fuska, juriya kaɗai ya rasa, to ka riƙa mayar da 'ya'yan ga uwar. Ka aurar da F1 ga irin manoman, ka tace masu juriya, ka sake mayarwa. Karo na farko kashi 75 na jinin uwa ne, na biyu 87.5, na uku kusan 94. Daga nan ka bar su su yi wa kansu barbara, ka fitar da tsayayyu.

Mataki na shida: kai wa waken cutar har gida

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin kuskure. Tsiron da ya fito lafiya a gona wataƙila juriya gare shi, wataƙila kuma cutar ce ba ta iso inda yake ba. Wuta-wuta ba ta bazu daidai a gona, nan ta yi yawa, taku biyar gaba babu. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci fumfuna takan kwanta. Idan ka zaɓi wanda ya tsira don sa'a, ka kira shi mai juriya, manomi ne zai biya kuɗin kuskurenka bayan shekara biyar. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin dole ya yi tsanani.

Ga wuta-wuta, tukunya ta fi gona. Ka tara busassun kawunanta a ƙarshen damina daga gonakin wake na wurare daban-daban, ka murza, ka tankaɗe, irin kamar ƙura yake. Ka gauraya shi da ƙasa mai yashi marar taki sosai, ma'auni ɗaya a kowace tukunya, ka shuka wakenka. Cikin kowane jeri ka sa tukunyar irin da ka tabbatar yana kamuwa. Shi ne shaidarka: idan bai kamu ba, gwajin bai yi ba, ka sake. Wajen mako shida za ta fara leƙowa. Kada ka tsaya a abin da ido ya gani a sama. A mako na tara ko goma ka juye tukunyar cikin bokitin ruwa, ka wanke saiwar a hankali, ka duba. Sau da yawa za ka tarar da 'yan ƙululu maƙale a saiwar tsiron da samansa ke nuna lafiya lau. Wannan bai jure ba. Dalilin tara irin daga wurare da yawa shi ne wuta-wutar wake jinsi-jinsi ce a Afirka ta Yamma, har akwai wadda aka samu a Zakpota ta Jamhuriyar Benin da ta fi ƙarfin B301 kansa.

Ga cututtukan ganye da kwanso, ka zaɓi filin da aka san yana da su, ka yi shuka yadda furen zai faɗa cikin marka. Mako biyu kafin ka shuka layukanka, ka shuka irin mai saurin kamuwa kewaye da filin da kuma bayan kowace kunya huɗu ko biyar, ya zama shi ke raba cutar. Ka warwatsa busassun karan waken da ya kamu bara a tsakanin kunyoyi. Kada ka fesa maganin fumfuna, amma ka fesa na ƙwari, in ba haka ba ba za ka bambance ɓarnar ƙwaro da ta cuta ba. Wannan filin ya yi nisa da inda ake noman iri, kuma bayan girbi ka ƙone ragowar.

Ka ba kowane layi maki daga 1 zuwa 5, 1 babu tabo, 5 ya lalace. Mutum ɗaya ya riƙa bayarwa, da safe, sau biyu ko uku: lokacin fure, lokacin cikar kwanso, da dab da nuna. Ga bairos, ana daka ganyen da ya kamu a shafa ruwan a ganyen ƙananan tsirrai, a jira mako biyu zuwa uku. Ga darɓa, ana ɗora biyar a kan kowane tsiro ɗan mako ɗaya da lallausan burushi, a cikin raga, a ga wanda zai rayu. Yanzu ɗakunan bincike suna iya gano wasu ƙwayoyin gadon daga ɗan yankin ganye, abin da ke rage aiki ƙwarai, amma duk layin da na'ura ta wanke sai na gan shi a tukunya da gona kafin in yarda. Kuma gwajin shekara ɗaya bai isa ba, a maimaita.

Mataki na bakwai: awon amfani, da bakin manomi

Layukan da suka tsallake, a ce 40 ko 50, su shiga gwajin amfani. Kowane layi kunya huɗu masu tsawon mita 4, santimita 75 tsakanin kunyoyi, 20 tsakanin ramuka, tsiro biyu a rami. A maimaita sau uku a sassa daban na filin, da ƙuri'a za ka raba wurin, kada layin da kake so ya samu gefen da taki ya kwanta. Ka sa irin manoma da ingantaccen irin da ake yayi a ciki don kwatance. Kunya biyu na tsakiya kaɗai za ka rora, wato murabba'in mita 6. Idan suka ba ka giram 900, kilo 1,500 ke nan a hekta. Ka auna harawar ita ma, da nauyin ƙwaya 100.

Shekara ta biyu ka rage su zuwa goma sha, ka kai su wurare masu bambancin ruwa da ƙasa, irin su Samaru, da Minjibir, da Talatar Mafara. Ka kuma gwada su a ƙarƙashin dawa ko masara, domin yawancin manomanmu haka suke shuka wake, kuma irin da ya yi fice shi kaɗai yana iya shaƙewa a inuwa.

Sai biyar ɗin ƙarshe su tafi gonakin manoma, su noma da hannunsu yadda suka saba. Ranar zaɓe ka rufe sunayen, ka ba kowa ƙwayar masara ya jefa a ƙwaryar da ke gaban layin da ya fi so, maza daban, mata daban. Wata rana a irin wannan zama wani dattijo ya wuce layin da ya fi kowanne nauyi a sikelina bai ko tsaya ba. Na ce, "Baba, wannan fa shi ya fi cika buhu." Ya ce, "Na gani, ɗana. Amma duba gindinsa, ganye ya zube tun kwanso bai bushe ba. Me zan ba tumaki?" Da aka kai wa matan suka jiƙa suka murza, wata ta ɗago hannu ta nuna mini ɓawon da ya ƙi fita, ta ce, "Malam, wannan sai dai a yi garau-garau da shi." Layin da ya zo na biyu a awo shi muka ci gaba da shi, kuma na gamsu da hakan.

Mataki na takwas: rajista da yaɗa iri

Ba a sayar da sabon iri da suna sai kwamitin ƙasa mai rajista da fitar da iri, wanda ke zama a NACGRAB, cibiyar adana iri ta ƙasa da ke Ibadan, ya duba sakamakon gwajin tashoshi da na gonakin manoma ya amince. Ƙungiya ko ɗalibin da ya samu layi mai kyau, ta hannun cibiyar bincike zai bi. Daga auren fure zuwa wannan rana akan ci shekara takwas zuwa goma, noman rani yakan rage. Bayan nan iri yana sauka hawa uku: na hannun mai ƙirƙira, sai irin tushe, sai tantataccen iri da Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, NASC, ke dubawa ta ba shi lamba kafin ya isa ga manomi.

Akwai abokin gaba ɗaya da wannan hanyar duka ta kasa: tsutsar Maruca mai huda fure da kwanso. An bincike dubban nau'in wake ba a samu mai isasshiyar juriya da za a aura ba. Shi ya sa aka ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bt aka sa a wake, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta a Samaru tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostareliya. An fitar da shi a Disamban 2019 da sunan SAMPEA 20-T, kuma a kan SAMPEA 10 aka gina shi. Yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Biyun nan kuwa wajibi ne, domin daga tsutsar kaɗai yake kare waken, darɓa da ƙwarin fure da masu tsotsar kwanso suna nan. Wannan aiki ne na cibiya mai izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar gado, ba na bayan gida ba.

Mataki na tara: riƙe irin kada ya lalace

Mai samar da iri ya nemi filin da ba a noma wake bara ba, ya bar tazarar 'yan mitoci tsakaninsa da wani waken, ya sa takin sufa lokacin huɗa. A nan Zariya daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta ake shuka, don nunarsa ta faɗa bayan ɗaukewar ruwa. Ya zaga gonar sau uku, tana ƙarama, da lokacin fure, da kafin roro, ya tumɓuke duk wanda ya bambanta da 'yan'uwansa a launin fure ko yaɗo, da duk mai dabbare-dabbaren ganye, ya fitar da su daga gonar gaba ɗaya. Yawancin gaurayar iri a masussuka take faruwa da cikin tsofaffin buhuna, don haka a share daɓe, a sussuke iri ɗaya a gama kafin a kawo wani.

A shanya har ƙwaya ta riƙa fashewa ƙas idan an ciza, a tsince masu tabo da masu yamutsewa, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera. Takardar suna ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Kafin damina a ƙirga ƙwaya 100 a shuka a jiƙaƙƙen yashi. Idan bayan mako guda waɗanda suka fito ba su kai 80 ba, a ƙara yawan iri a rami ko a nemi wani. Irin da aka cuɗa da maganin shuka kuwa ba na tukunya ba ne, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Manomi yana iya ajiye nasa ya shuka damina biyu ko uku, sannan ya koma ya sabunta. Idan kuma ya ga wuta-wuta ta fito a gindin irin da aka ce yana jurewa, ya tumɓuke ta kafin ta yi 'ya'ya, ya ɗauki gindin da saiwarsa a leda ya kai wa malamin gona ko ya kawo Samaru a duba, ko gauraye ne a buhun, ko sabon jinsi ne ya shigo yankin.